Hatimin Oga da Manyan Baki

Litinin, 3 ga Maris

Sabuwa ta sake zuwa teburina. Mai fassarar nan da aka ɗauka wata biyu da suka wuce, makauniya ce, kullum wayar sauraro a kunne, kwamfutarta na karanta mata abin da ke kan allo. Wai don Allah in daina aiko mata da takardu a hoto. Wane hoto kuma? Shekara goma sha huɗu ina buga takardun ofishin nan, ba wanda ya taɓa koya mini aikina. Na ce mata to, don kawai ta matsa mini daga gaban fanka.

Laraba, 5 ga Maris

Firinta ta cinye takarda sau uku. Oga ya ce ni ce ba na lallaɓa ta.

Alhamis, 6 ga Maris

An yi taron tarbar baƙin da suka zo daga babban ofis, Sabuwa ba ta je ba. An canza ɗakin taro, ni na buga sanarwar tun Talata na aika wa kowa. Ita tana can tsohon ɗaki ita kaɗai da sandarta, awa guda cur. Masinja ne ya gan ta, maimakon ya gaya mata sai ya zo yana ba mu labari yana ƙyaƙyata dariya. Ni ma na ɗan yi. Har na isa gida dariyar nan tana mini ɗaci a baki.

Litinin, 10 ga Maris

Sabuwa ta ce, "Yaya, zo ki ji da kunnenki." Na je ina tsaki a ciki. Ta cire wayar daga kwamfuta, ta buɗe rahoton da na yi kwana biyu ina bugawa, shafi goma sha ɗaya. Muryar kwamfutar ta ce hoto. Ta danna, hoto. Hoto, hoto, har ƙarshe. Ko kalma ɗaya babu.

Ashe ga abin da muke yi. Ina buga takarda da haruffa lafiya lau. In fitar da ita a firinta, Oga ya sa hannu ya danƙara hatimi, in saka ta a sikana, abin da ya fito shi nake aikawa. Sikana kuwa hoton takarda take ɗauka, ba rubutu ba. Na asalin sai in goge, don Oga ya ce kada a samu biyu. Da hannuna nake kashe rubutuna kullum, ban sani ba. Abin ya ba ni ƙyama.

Talata, 11 ga Maris

Na gwada yi wa Oga bayani. Bai ko ɗago kai ba. "Takardar da ba hatimi ba takarda ba ce." Na ce Yallaɓai a aika duka biyun mana. Wai ai an ce na'urarta na karanta komai, in ba ta iya aikin ba ta faɗa. Mutumin da ko imel ɗinsa ni nake buɗe masa. Tir.

Laraba, 12 ga Maris

Yau na buga abin da ya fi komai ƙazanta. Takardar tuhuma ga Sabuwa, kan ƙin halartar taro. Ta ba da amsa a rubuce kafin ƙarfe goma sha biyu na Juma'a, in ba haka ba ba za a tabbatar da ita a aiki ba in watanninta uku na gwaji sun cika. Ya sa hannu, ya danna hatimi har sau biyu, ya rubuta SIRRI a sama. Ya ce in aika, kuma kada in ji kada in gani.

Na saka a sikana. Na aika. Ina kallonta daga nan ta buɗe, ta saurara, ta rufe ta ci gaba da aikinta. Na san abin da muryar ta ce mata.

Ban goge na asalin ba. Mantawa na yi, ina ji.

Alhamis, 13 ga Maris

Baban yara ya ce in fita harkar da ba tawa ba, aikin nan shi ke riƙe da rabin gidan. Gaskiyarsa. Duk da haka na ƙi ci da rana, shayin ma na bar shi ya huce.

Ƙarfe uku na tura wa Sabuwa na asalin. Ban rubuta komai a kai ba, sai "ki karanta yanzu". Ban karya dokar kowa ba, takardarta ce, sunanta ne a sama. Ta saurara har ƙarshe, sannan na ji yatsunta sun fara gudu a kan madannai. Ni dai na shiga banɗaki na wanke fuska.

Juma'a, 14 ga Maris

Amsarta ta isa teburin Oga ƙarfe tara, shafi biyu, har da jerin takardu ashirin da uku da aka aiko mata a hoto, kowace da ranarta. Ta tura kwafi babban ofis. Oga ya fito yana huci, wa ya karanta mata? Na ce ba wanda ya karanta mata, Yallaɓai, da kanta ta karanta. Bai yi mini magana ba sauran yinin. Hutu na samu.

Litinin, 17 ga Maris

An janye tuhumar. Ba haƙuri, ba komai, wai an samu rashin fahimta.

Sabuwa ta zo, na gyara zama ina jiran godiya. Sai ta sunkuyo ta rage murya. "Yaya, na bi takardar nan harafi harafi. Kin rubuta manyan baki, ba manyan baƙi ba. Kin manta ƙugiyar." Ta ce a sanarwar albashin da na tura mata da haruffa ranar Juma'a ma akwai biyu.

Ji mini yarinya. Shekara goma sha huɗu ina zuba k a wurin ƙ in na gaji, Oga na danna hatimi a kai, mutum ashirin masu ido na karɓa, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ashe ba mai karantawa.

Na ce mata ta tafi ta ba ni wuri. Sanarwar gobe layi huɗu ce kawai, sau uku na duba ta. Ba don ita ba.