Wata Mata a Gozaki

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa, gwiwa a ƙasa kamar yadda kika koya mini. Shekaru sun tura tun da muka kwantar da ke a bayan majami'ar Gozaki, amma har yau in abu ya tsaya mini a rai, ke nake fara nema.

Na gaji, Inna. Wata bakwai ke nan ina wani aiki da zai ba ki dariya. An kwaso tsofaffin littattafan malaman gona, waɗanda suka bi ƙauyukan Funtua da Malumfashi suna tsinko ganye suna mannawa a takarda. Gara ta ci na ci. Abin da ya rage ni nake ɗorawa a kan gilashin na'ura ta ɗauki hotonsa, in kwafe rubutun a kwamfuta, don masu bincike a ko'ina cikin duniya su gani. Ɗora, danna, juya, tun safe har la'asar. Bayana ya sage, idona na hagu ya fara yana. Na san abin da za ki ce: duk bokon nan a ɗaukar hoton ciyawa ya ƙare?

Ranar Talata na buɗe wani akwati, sai ga busasshen ganyen gwazar giwa manne a takarda, an ɗaure tushensa da shuɗin zare. Na matso da shi kusa da idona. Na san ɗaurin nan. Da shi kike ɗaure bakin tukunyar daddawa, zagaye biyu sannan ƙulli a gefe.

Kin tuna shekarar farin nan, ina da shekara tara? Dawa ta bushe a tsaye, rumbun Baba ya koma ɗakin kaji. Ke kika shiga fadama da fartanya, kika riƙe mu da yaɗiya da tafasa da saiwoyin da ko awaki ba su kula ba. Gwazar giwa kwana uku kike jiƙa ta, kina sauya ruwa safe da yamma. "Mai gaggawa ba ya cin wannan," haka kike faɗa kina doke hannun ƙanena.

A shekarar ne wani malamin gona ya zo a kan babur, da allunan katako da tsofaffin jaridu na matse ganye. Kwana biyu yana bin ki, ke a gaba shi a baya, ƙaya tana yaga masa wando. Kina nunawa, kina ɗaure masa da zarenki, yana rubutawa. Da zai tafi ya tambayi sunanki, ga surukinki zaune a gindin ɗorawa. Kika ja gefen ɗankwali kika rufe baki, kika shige gida.

To, Inna, ga abin da ya rubuta da Turanci a ƙasan takardar: "Wata mata a Gozaki." Takarda goma sha ɗaya, duk haka. Sunansa na nan, sunan shugabansa na nan, har sunan Baturen da ya laƙaba wa ganyen suna a wata ƙasa yana nan. Ke da kika san wanda ke kashewa da wanda ke rayawa, wata mata. Kai! Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wa zan yi wa faɗa. Malamin ya tambaya, ke kika ƙi.

Dokar aikinmu, abin da ke takarda shi ake kwafewa, ko kuskure ne. Ranar Juma'a ake rufe akwatin a tura hotunan, ni kuma likita ya ce in ajiye aikin kafin idon ya ƙarasa. In na yi shiru, haka za ki zauna har abada, don a cikin waɗanda suka ga ranar nan ni kaɗai na rage.

Na sami shugabarmu, yarinya ce sa'ar Hannatu autata. Na nuna mata zaren, na ba ta labarin. Sai ta nuna mini wani ɗan gurbi a ƙasan shafin kwamfutar, inda ake ƙarin bayani, ta ce in rubuta, in sa hannu a matsayin shaida.

Nan fa aka zo wurin mai wuya. Ni ce 'yar farinki. Ba ki taɓa kiran sunana ba, sai "ke", in a gaban baƙi ne "waccan". Ni ma ban taɓa furta naki ba. Ko a ajin da na koyar, yarinya in sunanki ne da ita, Mai-sunan-Inna nake ce mata. Na zauna gaban kwamfuta har shayina ya huce.

Na rubuta, Inna. Rifkatu. Sau goma sha ɗaya, da yatsa ɗaya, ina jin kunya kamar kina tsaye a bayana. Ban faɗa da baki ba, wannan kam na kiyaye. In na yi rashin kunya ki yafe mini.

Ubangiji ya ba ki hutawa, hutawar da ba ki samu ba a shekarar nan. Ya haɗa fuskokinmu a inda ba a yunwa. In na iso, kada ki sauya komai, ki kira ni yadda kika saba, zan waiwayo.

Taki har kullum,
Ke.