Gawar da Aka Fitar daga Shantiye

Damagaram, 4 ga Maris

Yaya Tahiru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen Tamanrasset. Wata biyar ke nan da aka kira mu a waya aka ce maigidana, abokinka, ya faɗo daga bene a wurin aiki ya rasu. Wanda ya kira bai gan shi ba, ji ya yi. Liman ya ce kafin in shiga takaba a samu wanda ya gani da idonsa, ya rubuto. Shekara shida kuna ɗaki ɗaya. Ka ga fuskarsa?

Ƙanwarka,
Halimatus Sa'adiyya

Tamanrasset, 19 ga Maris

Halima,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso hannun direba. Kowa yana gaishe ki.

Kin san na koyar a lekkol, makarantar boko, shekara goma kafin in zo nan in zama mai awon siminti, amma mijinki Sadiƙu, wanda da ƙyar yake rubuta sunansa, shi ya koya mini zaman garin nan. Shi ya ce in kaɗe takalmi kafin in sa ƙafa. Shi ya nuna mini yadda ake naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu ruwa ya yi sanyi, ya kuma hana ni zama a gaban taksi, don a shingen bincike na gaba jandarma ke fara tambaya. Ni na koya masa sunayen tekuna, waɗanda har yau ba su amfane shi ba. Har yanzu in na dafa shayi kofi biyu nake jerawa, sai na zo zubawa in tuna.

Ina kewaye-kewaye, na sani. Ban ga fuskarsa ba. A lokacin ya yi wata biyu yana kwana a wani shantiye, wato wurin gini, bayan gari. Da na isa an riga an sa likkafani. Da katin izinin aiki da ke aljihunsa aka gane shi. To, a nan mai kati yakan ara wa marar kati ya yi aikin mako, kuma Sadiƙu bai iya cewa a'a ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Mijinki ƙato ne, ni kuwa kafaɗata ba ta ji nauyi ba.

Yayanki,
Tahiru

Damagaram, 2 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba labarin shayi na tambaye ka ba. Ɗiyarmu Walida tana tambaya ko ita marainiya ce, na rasa amsa. Wani ne ya yi masa wanka. Ka nemo shi.

Halima

Tamanrasset, 16 ga Afrilu

Halima,

Bayan gaisuwa. Na nemo shi. Sunansa Mahamane, dattijo ne mutumin Agadas, yana aikin lambu a Silet. Na tambaye shi abin da ya gani a jikin mamacin. Ya ce fuska ta lalace, sauran kuwa amana ce, mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani. Na jawo masa littattafai uku da ka, na nuna masa cewa lalura ta halatta. Ya saurara har na gama, ya ce, “Malam, karatunka ya yi kyau. Matsa, kana taka mini albasa.”

Da zan tafi ya kira ni. Ya ce shi ba zai kwatanta jikin mamaci ba. Amma in matar ta faɗi wata alama da ta sani, zai iya cewa e ko a'a. Ki yafe mini wannan tambaya, ba irin wadda wa ke yi wa ƙanwa ba ce.

Tahiru

Damagaram, 29 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Da hannuna na rubuta wannan, ban ba kowa ba. Yana da tabon ƙuna a baya, daga kafaɗar dama har ƙugu. Tafasasshen mai ne ya zubo masa yana yaro. Shi ya sa ba ya tuɓe riga gaban mutane. Ka karanta masa, ka ƙone takardar.

Halima

Tamanrasset, 11 ga Mayu

Halima,

Bayan gaisuwa. Na karanta masa sau biyu. Ya ajiye fartanya, ya ce bayan da ya wanke sumul yake, ko ƙwarzane babu.

Kada ki shiga takaba. Ki gaya wa Walida ba a binne ubanta a Tamanrasset ba. Iyakar abin da zan iya rantsewa a kai ke nan, kuma na rubuta wa liman haka. Inda Sadiƙu yake, ban sani ba. Gobe zan bi hanyar In Ekker, wadda masu neman aiki a arewa ke bi, in tambayi direbobi.

Jiya Juma'a na je kabarin kamar yadda na saba. Na ɗaga hannu, na rasa sunan da zan kira. Wanda ke kwance a ciki, shi ma akwai inda ake jiran wayarsa.

Allah ya ba mu haƙuri.

Yayanki,
Tahiru