Ƙwarƙwatar Ɗakin Inna

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Ƙwarƙwata ta dawo kan Safina. Na tsefe, na wanke, na shafe da man kaɗanya, na bi da matajin nan mai ƙananan haƙora da na sayo a tsallaken Benin. Duk a banza. Babanta ya ce in ya sake ganin tana susa, wanzami zai kira. Yarinya ta dafe kitsonta da hannu biyu tana kuka. Gashin da na sha wahalar renonsa!

Laraba, 7 ga Mayu
Na gano maɓoyarsu. Safina ɗakin kakarta take kwana, matashi ɗaya. Yau na hangi Inna ta cusa yatsa ƙarƙashin ɗankwali, da muka yi ido huɗu sai ta yi kamar ɗauri take gyarawa.

To wa ke ce wa uwar miji kanta da ƙwarƙwata? Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin kanta a buɗe ba. Ni da ke sa mutum ya sayi atamfa a kasuwar Tsamiya ko gishiri ya zo nema, yau bakina ya mutu.

Alhamis, 8 ga Mayu
Na gaya wa maigida. "Ke, rufa mini asiri." Ya ɗauki hula ya fice. Maza!

Asabar, 10 ga Mayu
Bayan la'asar na durƙusa a ƙofar Inna da man da mataji, na zare ɗankwalina. Na ce Inna ki taimake ni, kaina ya hana ni sakat. Ƙarya ce, ko ƙwai babu.

"Matso, 'yar kasuwa."

Ta daɗe tana bin tsaga. Har da haɗa farce, wai ta kashe wata ƙatuwa. Wace ƙatuwa? Tsohuwar nan ta fi ni iya ciniki.

Da ta gama sai ta juya mini baya, ta sauke nata ɗankwalin tana kallon katanga. "Tunda man yana hannunki."

Furfura fara sol, laushi kamar auduga. Abin da na fitar, tsakanina da Allah. 

Lahadi, 11 ga Mayu
An dafa zannuwa, matasai na rana. Na ji Inna na ce wa ɗanta, "Ka kawo aska kusa da kan jikata ka gani."

Juma'a, 23 ga Mayu
Kawunanmu tas. Safina an yi sabon kitso, sai juyi take.

Yau ma da wuri na rufe rumfa. Jummai ta kusa da ni ta ce, "Wai mi ke kai ki gida da rana tsaka?" Na ce ƙwarƙwata ba ta da amana, sai ana dubawa.

Na tarar Inna ta shimfiɗa tabarma. Safina ta ce wai barci na yi a cinyar Inna har da minshari. Sharri ne.