Bayan Labule a Gardez

Zuwa ga Yaya Najib,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da yara, da Inna da ciwon gwiwarta. Mu nan garin Gardez lafiya lau, sai kewar garinmu Herat. Maigidana yana gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Wai in tattara in dawo gida, 'yar Herat ba ta da abin yi da karya harshe a kan yaren Pashto. Har na ji kana kwaikwayon maganata a gaban baƙi suna dariya. To ka yi ta yi, Yaya. Ba inda za ni.

Ni ungozoma ce, matan ƙauyukan nan kuwa ba sa jin yarenmu na Dari, sai Pashto. Da na zo, direban asibiti ne tafintana, namiji kuma ba ya shiga ɗakin mata. Sai ya tsaya bayan labule, mace ta faɗa, shi ya juya mini. Bara aka kawo wata mai suna Zarghona da cikin wata takwas. Na tambayi abin da ke damunta, ya ce ta ce ciwon kai. Na ba ta magani na sallame ta. Ashe kwana uku tana zubar da jini. Wace mace ce za ta faɗi wannan a kunnen namijin da ba muharraminta ba? Ko ni ce, bakina ba zai buɗe ba. Ita ta sha da ƙyar, ɗan bai zo da rai ba. Da hannuna na naɗe shi, kuma har yau abin yana cina.

Zarghonar ce malamata yanzu. Tana koya mini Pashto, ina koya mata Dari, don ko an tura ta Kabul ta yi magana da bakinta. Dariyar da take mini ta fi taka, wai ina magana kamar mai shayi mai zafi a baki.

Jiya ta zo da sabon ciki. Direba ya taho zai tsaya inda ya saba, na ce ya je ya huta. Na ja labule, muka rage mu biyu. Ta matso ta ce a hankali, "'Yar'uwa, na ga jini kaɗan da safe."

Na gane kowace kalma, Yaya. Na kwantar da ita, muka tari abin da wuri. Ɗazu na sa kunne na ji zuciyar ɗan tana bugawa.

In baƙinka sun gama dariya, ka ba su wannan labarin.

Ka gaida Inna, ta sa mu a addu'a.

Ƙanwarka marar jin magana,
Mastura