Abin da Fensirina Ya Gani

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Yaya ciwon gwiwar? Ina fata kin daina hawa kujera kina sharar yanar gizo da kanki, ko da yake na san halinki, ba kya jin magana.

Yaya, akwai abin da nake ɓoyewa wata takwas ke nan, ke kaɗai zan iya gaya wa. Zane nake yi. Ni ɗin nan, mai shekara arba'in da shida da 'ya'ya huɗu. Yi dariyarki ki gama, sannan ki ci gaba da karatu.

A shagon buga takardun da nake aiki, kullum sai injin kwafi ya ɓata mana takardu, gefe ɗaya ya dame, ɗayan fari tas. Wata rana aka ɗauke wuta, ba aikin yi, sai na jawo ɗaya na zana kofin shayin da ke gabana. Ya fito kamar bokitin da mota ta taka. Amma awa guda ta wuce ban sani ba, kuma rabon da in ji daɗin wani abu haka har na manta.

Daga kofi na koma kan Baban yara, shi kuwa bai sani ba. Idan ya dawo daga gidan burodi da la'asar, kujerar nan ta bakin taga yake zama, ya kunna rediyo wai zai ji labarai. Minti biyar ba ta cika barci ya kwashe shi, baki buɗe, kai ya karkata dama. Na zana shi ya fi sau arba'in. Aikin shago ya bi mini jiki, don haka kowace takarda sai na sa mata kwanan wata, na huda ta, na jera a fayil. Fayil ɗin yana ƙarƙashin zannuwana a akwati. Kin san bakinsa da tsokana. Ranar da ya gani, har makwabta sai sun ji.

Wuri ɗaya ne yake ba ni wahala, ƙasan kunnensa na hagu, inda saje ya haɗu da wuya. Watannin nan duk sanda na zana sai layin ya fito da ɗan tudu, in goge in miƙar da shi, har kwanan nan na fara gajiya ina bari. Ke da kika shekara talatin kina aikin jinya, haka wuyan kowa yake idan ya karkata, ko hannuna ne bai ƙware ba?

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Barka da war haka. Ina fata kowa lafiya a wajenku. Wasiƙarki ta iso, kuma tun da na karanta ta abinci bai yi mini daɗi ba. Kin ce in daina gogewa, in tsaya in duba da kyau. Na duba.

Ranar Asabar da hantsi, yana wurin aiki, yara sun fita, na kulle ƙofa na baje takardun a tsakar ɗaki bi da bi, daga na farko zuwa na ƙarshe. Na farkon wuyansa sumul yake. Na tsakiya duk shaidar gogewa ce, takardar har ta yi laushi a wurin. Na baya-bayan nan, waɗanda na gaji na bari yadda suka fito, tudun yana nan, kuma kowane ya ɗara na gabansa. Yaya, a nan ƙasa na zauna. Ashe hannuna gaskiya yake faɗa, ni ce nake ƙaryata shi.

Kullum ina tare da mutumin nan amma ban gani da idona ba. Sajen ya rufe wurin, ga shi da son ɓalla maɓallin riga har wuya. Na bincika hotunan da ke wayata, duk ta gaba aka ɗauke shi, yana washe baki.

Da ya dawo na ce ya bari in taɓa. Abin yana da tauri, ya kai girman ƙwan kaza, kuma ba ya motsi. Ya ture hannuna yana dariya, wai ƙiba ce, girkina ne ya karɓe shi. Wai tun yana saurayi wurin haka yake, ba ya masa ciwo, kuma shi ba zai bar tanda ya je ya yini a layin asibiti a kan abin da ba ya ciwo ba. Na yi magiya, na yi fushi, na kawo sunanki. Ya ce ku ma'aikatan jinya ko atishawa mutum ya yi sai kun ba shi gado.

Abu ɗaya ne zai nuna masa cewa wurin ba haka yake a da ba, shi ne fayil ɗin. Ina tsoro, Yaya. Ina tsoron ya ga na yi wata takwas ina zaune a gabansa ina satar fuskarsa yana barci. Ina tsoron ya yi dariya ya ce zanen mai koyo ba hujja ba ne, in rasa abin da zan sake cewa. Abin da ya fi duka, ina tsoron ya yarda, domin ranar da ya yarda abin ya tabbata ke nan.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya gwiwa?

Na nuna masa. Na tare shi kafin ya kunna rediyo, na ɗora masa fayil ɗin a cinya, na koma bakin ƙofa na tsaya kamar mai laifi. Shafin farko ya tuntsire da dariya, ya ce wane ne wannan mai baki kamar ƙofar tanda. Na biyu ma ya yi, na uku ma. Wajen na ashirin dariyar ta ƙare. Ya riƙa juyawa a hankali, hannu ɗaya a kan takarda, ɗaya a wuyansa. Da ya kai ƙarshe ya koma farko. Bai ce mini na iya ba, bai ce ban iya ba. Tambayata kawai ya yi ƙarfe nawa ake fara ganin likita.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta tambaye shi yaushe abin ya fara, ya ce bai sani ba. Sai na ciro fayil ɗin daga jaka, kunya kamar in nutse. Ba ta yi ko murmushi ba. Ta bi kwanan watan ɗaya bayan ɗaya tana rubutu, sannan ta ɗaga na tsakiyan nan ta haska su a taga, ta ga layukan da na goge. Ta ce daga nan za ta fara ƙirga, kuma saurin girman ne bai kwanta mata ba.

Wata uku na yi ina gogewa, Yaya. Wata uku. Ba wanda ya ce laifina ne, amma ni na san da hannun da na yi.

An yi hoto, an ɗebi abin gwaji da allura. Ƙari ne, za a cire ranar Laraba. Ta gaya mana jijiyar da ke motsa fuska ta nan ta bi, mai yiwuwa a taɓa ta. Yaran ba su san wannan ba tukuna. Idan gwiwarki za ta bari, ki zo.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya abar ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da kwana shidan da kika yi mana. Ina fata kin isa gida lafiya, tafiyar ba ta tayar miki da ciwon ba.

An cire zaren ɗinkin jiya. Bakin yana nan yadda kika bar shi, gefen hagu ya sauka, idan ya sha ruwa sai ya tare da hannu. Likita ta ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa. Tsokanar dai ba ta mutu ba, wai yanzu rabin dariya zai riƙa yi mini, rabin ya ajiye.

Sakamakon ya fito. Sun cire duka, amma irin wanda kan sake tsirowa ne. Za mu riƙa komawa duk wata uku, a tsakani kuma a sa ido sosai. Da ta faɗi haka sai ta dube ni, ta ce in ci gaba da abin da nake yi, kowane mako, ta gefen nan, a kujera ɗaya.

A da na ɗauki fensir don jin daɗi ne, don in sami awa guda tawa ni kaɗai. Yanzu idan ina fere shi gabana faɗuwa yake yi. Na ce wa Baban yara ko mu riƙa ɗaukar hoto da waya kawai. Ya ƙi. Ya ce waya tana gidan nan duk watannin nan ba ta ga komai ba.

Yau da la'asar ya aske sajen, ya zauna a bakin taga, ya karkatar da kai da kansa. Karo na farko ke nan da na zana shi idonsa biyu. Bai motsa ba, amma ina jin yadda yake riƙe numfashi duk sanda fensirin ya gangaro ƙasan kunne. Na ja layin, na bi tabon ɗinkin, na sauko wuya. Na duba takardar, na duba shi, na sake dubawa har sau uku.

Layin ya miƙe, Yaya. Na wannan makon dai ya miƙe.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta