Rawanin Baba a Kan Titi

Omdurman, 9 ga Ramadan

Zuwa ga Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya azumi a Gadarif? Ki gaya wa Nabila har yanzu kawunta ya fi ta kyau.

Inna ta ce kada in tayar miki da hankali, amma kin san bakina. Kin tuna kekunan ɗinki masu lantarki da Baba ya karɓa ta hannun banki, ya ba da gidanmu jingina? Wuta ta daina zuwa a kai a kai, yadi ya yi tsada, biya ya tsaya. Yanzu sun manna takarda a bangonmu, wai bayan Sallah gida zai shiga gwanjo. Baba ba yafiya yake nema ba, so yake a rage biyan wata a tsawaita lokaci. Amma duk sanda ya haye gada zuwa Khartoum, sai a ce Ustaz Wa'il, mai sa hannu, yana taro.

To ƙanenki mai karatun allo ya yi dabara. Abokina Habibu, mai wankin mota a ƙofar bankin, ya ce ta bakin layinmu Ustaz yake komawa gida gab da magariba. Jiya da aka fito da tabarmi don shan ruwa, na ari rawanin Baba, muka ja shi ni da Habibu muka tare titi, yadda ake tare matafiya su sauko su buɗa baki. Da motar Ustaz ta iso, bawan Allah ya zaci shingen sojoji ne, har ya fara lalube aljihu. Na rantse ba zai wuce da ƙishi ba, na zaunar da shi yana fuskantar takardar bankinsu.

Yaya, Baba ya gane shi sarai. Ya miƙa masa dabino da hilumur, abin shanmu na azumi, mai sanyi, ya juya masa tuwon asida ta gefen da miya ta fi yawa, ya kama hirar tsadar ƙanƙara. Ina ta tari don Baba ya ɗauko maganar, har aka ba ni ruwa. Ko kalma ɗaya bai ce a kan gida ba. Da baƙo ya tafi ya kama kunnena, ya ce tabarmar azumi ta Allah ce, ba tarko ba. Ni dai fushi nake. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Muntasir

Omdurman, 22 ga Ramadan

Yaya Turai,

Salama da gaisuwa, da fatan zazzaɓin Nabila ya sauka. Inna tana gaishe ki.

Na janye fushina. Ustaz da kansa ya aiko Habibu ya kira Baba. Ashe ya karanta takardar yana cin asida, ya ji maƙwabta suna kiran Baba Haj Halliru, sunan da ke jikinta, ya yi ta jiran a fara roƙo.

Na raka Baba. Kafin ya zauna ya tona min asiri, ya ce ɗansa ne ya yi masa kwanto, in don abincin nan za a sassauta, gara a bar maganar gwanjo yadda take. Ustaz ya yi dariya, ya ce tun daga tarina ya gane. Sannan ya tambayi abin da Baba zai iya biya. Baba ya faɗi gaskiya, bai ƙara don a yaba ba. An kai maganar sama, shekaranjiya amsa ta zo. Ba a yafe komai ba, za a sayar da keke ɗaya, saura a biya a hankali. Gida namu ne. Inna ta ɓamɓare takardar ta hura gawayi da ita.

Hukuncina kuwa, da rana ina kan keke ina ɗinkin jallabiyar Sallah, da magariba ina riƙe da rawani har azumi ya ƙare. Baba ya ce in tare kowa, don kada a ce mutumin banki kaɗai muka taɓa tarewa. Jiya Allah ya haɗa ni da bas daga Kosti, cike maƙil. Asidar Inna ta ƙare, sai ga tire yana fitowa daga kowane gida. Na waiwaya na ga Baba a ƙofar gidansa, kansa ba rawani, yana nuna wa mutane wurin zama. Ban taɓa ganinsa da tsawo haka ba.

Ki aiko da dawa, don gobe babbar mota nake hari.

Naki har kullum,
Muntasir ɗan Haj Halliru