Shaidar da Na Bayar a Kan Malam

Gumel, 4 ga Maris, 1973

Zuwa ga Yaya Gudaji,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Maigatari.

Ka tambayi jikin maigidana. Rawar hannun tana nan, shekara shida ke nan, amma ƙwayoyin da likitan Kano ya ba Malam sun sa yana iya kai loma baki. Sai dai akwai sabon abu. Yakan ji kamar mutum na tsaye a bayansa, ya waiwaya ba kowa. Jiya kuma wai kyanwa ta gifta ƙarƙashin gado. Shi da kansa ya yi dariya, ya ce idonsa ne ke yi masa wasa. Na ce mutumin da ya shekara talatin yana rubuta wa hakimi takardu, ai dole ido ya rama.

Ka gaida A'i da yara.

Ƙanwarka,
Zuliha

Gumel, 19 ga Yuli, 1975

Yaya Gudaji,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ni kam ba na jin daɗi.

Yanzu maza Malam yake gani a tsakar gida da rana tsaka, sun shigo ba sallama. Da yakan tambaye ni ko ni ma na gan su. Ya daina tambaya. Likita ya rage ƙwayoyin, sai jiki ya sandare kamar itace, dole aka mayar.

Abin da ya fi ci mini rai, ya ce ni ke buɗe musu ƙofa. Ni da furfura da jikoki bakwai, Yaya. Sau biyu yana sakina, in hankalinsa ya dawo ya mayar da ni yana kuka. Igiya ɗaya ta rage. In ta tsinke na haramta gare shi, to wa zai yi masa wanka, wa zai juya shi a kan shimfiɗa? Tsoro nake ji ƙwarai.

Ku sa mu a addu'a.

Zuliha

Gumel, 2 ga Fabrairu, 1976

Yayana,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya.

Malam ya furta saki na ukun, a gaban ƙaninsa Manu. Manu ya kai maganar gaban alƙali, aka ce sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa, amma sai mai zama da shi ta ba da shaida da bakinta.

Da ma ranar ta zo yana cikin ruɗewa, da abin ya zo mini da sauƙi. Sai ya tashi garau. Ya sa aka naɗa masa rawani, ya gaida kowa da sunansa, har ya gyara wa magatakardan kotu kwanan wata. A gabansa, gaban mutanen da suka san darajarsa, na ce mijina ba shi da hankali. Bai musa ba. Kallona kawai ya yi, hannun na ta rawa a cinyarsa.

Aure yana nan, Yaya. Ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki. Mazan nan da yake gani a tsakar gida har hira yake yi da su, amma ni tun ranar bai ƙara ce mini uffan ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zuliha